Yadda Za Ka Sarrafa Zafin Ruwa a Injin Esfireso na Gida

Esfireso gahawa ce irin ta Italiya da ake tatsa da ƙarfi. Famfo yana tura ruwan zafi ta cikin garin gahawa da aka danne, da matsin da ya kai bar 9, kuma aikin ba ya wuce rabin minti. Da yake lokacin gajere ne, zafin da ruwan ya iso da shi ne ke yanke hukunci. In ya zo da rauni, sai ya kwaso tsamin gahawar ya bar zaƙinta a cikin gari. In ya zo da zafin da ya wuce kima, sai ya haɗo da ɗaci da bauri. Digiri uku ko huɗu sun isa harshe ya ji bambanci.

Aiki biyu ne a gabanka. Na farko, ka sa injin ya riƙa ba ka zafi iri ɗaya kullum. Na biyu, ka matsar da zafin nan zuwa inda gahawarka take so. Na farkon ne babba, domin wanda ruwansa ke fitowa yau a digiri 88 gobe a 97 ba zai taɓa sanin abin da zai gyara ba.

Kayan da za ka tanada

- Sikeli ƙarami mai nuna giram da ɓurɓushinsa
- Agogon wayarka, don ƙirga sakan
- Ma'aunin zafi na girki mai tsinken ƙarfe
- Kofin takarda ko na soso, don gwaji
- Tsumma busasshe mai tsabta
- Gahawa iri ɗaya, wadda za ta ishe ka mako guda
- Takarda da biro

Sunaye uku za su riƙa maimaituwa. Baki shi ne wurin da ruwa ke fitowa daga injin. Ludayi shi ne ƙarfen nan mai mariƙi da kake murɗawa a bakin. Kwando kuma shi ne ƙoƙon mai ƙananan huji da ke zaune cikin ludayin, inda ake zuba gari.

Shirin da ake yi sau ɗaya

1. Gane irin injin da kake da shi. Duba littafinsa ko lambar da ke jikinsa, domin kowane iri da halinsa.

Akwai mai tukunya ɗaya, kamar Gaggia Classic da Rancilio Silvia. Tukunya guda ke dafa ruwan gahawa, ita ce kuma ke yin tururin madara. Wani ɗan makunni mai jin zafi ne ke kunna elemen, wato ƙarfen da ke dumama ruwan, in ruwa ya huce, ya kashe shi in ya yi zafi, kuma tsakanin kunnawa da kashewa zafin kan yi lilo da digiri goma ko fiye.

Akwai mai bututu a cikin tukunyar tururi, wanda masu sayarwa ke rubuta wa HX, kamar Rocket Appartamento. Tukunyarsa tana zaune a wajen digiri 120, ruwan gahawa kuma yana ratsa ta cikin siririn bututu yana ɗaukar zafi.

Akwai marar tukunya, wanda ke dumama ruwa a kan hanyarsa ta wucewa, kamar De'Longhi Dedica da Breville Bambino.

Sai mai tukunya biyu, ɗaya ta gahawa ɗaya ta tururi, kamar Lelit Bianca da La Marzocco Linea Mini. Irin waɗannan suna zuwa da na'urar PID, wadda ke ba elemen wuta kaɗan-kaɗan don zafin ya tsaya a lamba ɗaya.

2. Duba wuta da ruwa. Karanta ƙarfin wutar da aka rubuta a gindin injin kafin ka jona shi. Wanda aka ƙera don kasuwar Amurka yana aiki da bolt 120, wutar Najeriya da Nijar kuwa ta haura bolt 200, za ta ƙona shi in babu taransifoma. Yawancin injinan gida suna jan wat 1,000 zuwa 1,500, ƙaramin janareto ba ya ɗaukarsu. In wuta ta zo da rauni, elemen zai daɗe kafin ya dumama ruwa, duk ƙirgen sakan da za ka yi nan gaba sai ya rikice. Sa masa na'urar daidaita wuta in haka gidanku yake.

Sannan leƙa cikin butar da kuke dafa ruwa. In ka ga farin ɓawo ya manne a gindinta, kada ka zuba wannan ruwan a inji. Ɓawon zai lulluɓe elemen da na'urar jin zafi, injin ya riƙa karanta zafi ba daidai ba. Nemi tataccen ruwa mai ƙarancin ma'adinai. Amma kada ka zuba ruwan batir, wanda aka cire wa ma'adinai gaba ɗaya: yana cin ƙarfe, kuma wasu injinan ba sa gane cewa tukunya ta cika da shi.

3. Gwada ma'aunin zafinka. Tafasa ruwa a tukunya, ka tsoma tsinken a tsakiya ba tare da ya taɓa gindi ba. A bakin teku, kamar Legas, ruwa yana tafasa a digiri 100 na Selshiyos. Duk hawan mita 300 yana rage kusan digiri ɗaya. A Kano za ka ga tsakanin 98 da 99, a Jos kuwa, mai tsayin kusan mita 1,200, wajen 96. In ma'aunin ya nuna daban da abin da ya dace da garinku, rubuta bambancin, ka riƙa ƙara shi ko rage shi a duk awon da za ka yi.

4. Zauna ka karanci halin injin. Kunna shi, ka bar shi minti 30. In mai tukunya ɗaya ne, zuba wa fitilarsa ido. A Silvia, fitila tana kamawa ne lokacin da elemen ke aiki, ta mutu in ya gama. A Gaggia Classic akasin haka ne, fitilar tana kamawa in ruwa ya kai zafi. Tabbatar da yadda taka take, domin nan ne sababbin hannu suka fi ruɗewa.

Yanzu cire ludayi, ka tara kofin takarda dab da bakin, tsinken ma'auni a ciki. Saki ruwa kamar milimita 60 daidai lokacin da elemen ya tsaya, ka rubuta lamba mafi girma da ta fito. Maimaita bayan sakan 30 da tsayawar elemen, sannan bayan minti ɗaya, sannan bayan biyu. Kowane gwaji ka fara shi daga sabon zagaye. Lambar da za ka gani za ta gaza ainihin zafin da 'yan digiri, domin iska da kofi suna sha. Ƙwararru suna amfani da na'urar Scace, wadda Greg Scace ya ƙera, mai auna zafi a cikin kwandon kansa. Kai abin da kake nema shi ne tazarar da ke tsakanin lambobin, ka san yadda zafi ke sauka da lokaci. Yi hattara da yatsunka, ruwan yana iya fitowa da tururi.

5. Tsayar da awo, ka zaɓi zafin farawa. Kafin ka taɓa zafi, ɗaure sauran abubuwa wuri ɗaya. Ga awon da ya dace da kwando mai cin kofi biyu: giram 18 na gari, giram 36 na gahawa a kofi, cikin sakan 25 zuwa 30. In ta zubo da sauri, ƙara wa niƙa laushi. In ta riƙa ɗiga da ƙyar, sassauta niƙan. Kada ka wuce wannan mataki sai ka samu lokacin nan sau uku a jere.

Sannan dubi suyar gahawarka. Wadda ta soyu sosai, mai duhu da maiƙo a jiki, fara ta a digiri 88 zuwa 91. Mai matsakaiciyar suya, 92 zuwa 94. Mai suya sama-sama, kamar yawancin gahawar Habasha da Kenya da ake sayarwa don ƙamshinta, 94 zuwa 96. Dalili shi ne suya mai nisa tana sa ƙwayar ta yi sako-sako, ta saki abin cikinta da wuri, har da ɗacin. Mai suya kaɗan tana da tauri, sai da zafi take sakin zaƙi. Shi ya sa ƙa'idar Istituto Espresso Italiano ta tsaya a digiri 88, da rangwamen biyu sama ko ƙasa, domin Italiyawa sun saba da suya mai duhu, alhali a gasar masu haɗa gahawa ta duniya ana saita inji tsakanin 90.5 da 96. In injinka da ma'aunin Amurka yake ƙirga, 200 a can shi ne kusan 93 a nan.

Aikin kowace safiya

6. Kunna inji da ludayi a murɗe, ka jira. Duba tankin ruwa tukuna. Murɗa ludayi da kwandonsa babu gari, ba da ƙarfi ba, sannan ka kunna. Fitila za ta ce an shirya bayan 'yan mintuna, kada ka biye mata. Ruwan cikin tukunya kaɗai take ba ka labari, bakin injin da ludayi suna nan da sanyinsu, kuma su ne ruwan zai ratsa kafin ya kai gari. Kamar tandar waina ce: wuta na iya ci da kyau a ƙasa, amma in tandar ba ta ɗauki zafi ba, zubin farko sai ya lalace.

Ba mai tukunya ɗaya minti 15 zuwa 20. Marar tukunya yana shirya ruwa nan take, Bambino ma cikin sakan uku, sai dai ludayinsa ba ya dumama da kansa, za mu gyara wannan a mataki na gaba. In injinka yana da baki irin na E61, wanda kamfanin Faema na Milan ya fito da shi a 1961, ba shi minti 30 zuwa 45. Bakin nan tagulla ce mai nauyin kusan kilo huɗu, ruwan zafi ne ke kewaya cikinta a hankali har ta ɗauka. Da sanyin hunturu ƙara minti biyar zuwa goma, kuma kada ka ajiye inji a bakin taga ko ƙarƙashin fanka. In an ɗauke wuta ana tsakiyar dumama, ƙara lokacin da aka rasa.

Ga gwaji mai sauƙi: taɓa ƙarfen ludayi da bayan yatsa, da sauri. In kana iya barin yatsan a kai, bai yi ba tukuna.

7. Dumama kofi, ka auna gahawa. Tara kofin da za ka sha a ƙarƙashin ludayi, ka saki ruwa ya cika rabinsa. Bar ruwan a ciki. Kofi mai kauri in yana da sanyi yakan shanye zafin 'yar gahawar da ba ta wuce giram 36 ba, ka ɗauka injin ne ya gaza.

In marar tukunya ne, yi wannan sakin sau biyu don ludayi ya ɗauki zafi. In mai tukunya ɗaya ne, ci gaba da sakin ruwa har sai fitila ta nuna elemen ya kama, sannan ka tsayar. Da haka ka tilasta wa injin fara sabon zagaye a lokacin da kai ka zaɓa. Auna giram 18 ka niƙa.

8. Cika ludayi da hanzari. Cire shi, ka goge kwandon ya bushe sarai. Danshi yana buɗe wa ruwa hanya ta gefe. Zuba gari, baje shi daidai, danne shi a miƙe, share bakin kwandon. Yi ƙoƙari ka gama cikin rabin minti zuwa minti ɗaya. Kada ka ajiye ludayi a kan tayil ko dutsen kicin, suna zuƙe zafi. Shimfiɗa tsumma ka ɗora shi. Kada kuma ka wanke shi da ruwan famfo mai sanyi a wannan lokacin.

9. Kawo ruwa daidai zafin da kake so. Nan ne hanya ta rabu. Bi ta injinka.

*Mai tukunya ɗaya.* Jira elemen ya tsaya, ka danna agogo. Bayan ya tsaya, zafi yakan ƙara hawa na 'yan sakanni, sannan ya fara gangarowa sannu a hankali. Jira kaɗan yana ba ka ruwa mai zafi, jira mai tsawo yana ba ka mai sauƙi. A Silvia fara da sakan 30, domin a daidai mutuwar fitila ruwanta ya yi zafi da yawa. Tukunyar Gaggia Classic ƙarama ce ƙwarai, ruwan sanyi da ke shigowa yana saukar da zafinta tun ana tsakiyar tatsa. Don haka fara da ita jim kaɗan bayan fitila ta kama. In gahawar mai suya sama-sama ce, danna makunnin tururi na sakan biyar, ka kashe, sannan ka tatsa. Kada ka manta shi a kunne, zai kai ruwan inda zai ƙona gahawar.

*Mai bututu a tukunyar tururi.* Duba allurar matsin tukunya, ta tsaya tsakanin bar 1 da 1.2. Ruwan da ya kwanta a bututu ya wuce tafasa, dole ka zubar da shi. Saki ruwa ba tare da ludayi ba. Za ka ji yana huci, yana tartsatsi da tururi. Ci gaba har hucin ya tsaya, ruwa ya zubo lumui, sannan ka ƙirga sakan uku ka rufe. Ƙarin sakan yana ƙara sanyi. Ka tuna da mataki na 3: a Legas huci yana tsayawa ne a digiri 100, a Jos kuwa a wajen 96. Mutumin Jos ya riga ya iso zafin tatsa da tsayawar huci, na Legas sai ya ƙara ƙirge. Wasu sababbin injina, kamar Lelit Mara X, an tsara su yadda ba sa buƙatar wannan zubarwa mai tsawo.

*Marar tukunya.* Saki ruwa na sakan biyu, shi ke nan. In injin yana da zaɓin zafi ƙasa, tsakiya da sama, fara da tsakiya.

*Mai PID.* Jira lambar ta tsaya cak a inda ka saita. Saki ruwa na sakan ɗaya ko biyu don wanke baki, kada ka wuce haka. Bincika a littafi ko lambar ta tukunya ce ko ta baki. Ruwa yana rasa zafi a hanya, shi ya sa za ka ga an saita PID na wani injin sama da 100 don a samu 93 a kan gari.

10. Murɗa ludayi ka tatsa nan take. Zubar da ruwan kofi, ka ɗora kofin a sikeli, ka mayar da shi sifiri. Murɗa ludayi, danna makunni da agogo tare. Kada ka bar gari zaune a baki mai zafi kana neman cokali, samansa zai fara gasuwa. A injin HX kuma, duk sakan da ka ɓata bututu yana sake ɗaukar zafi. Tsayar da famfo a wajen giram 33 ko 34, ragowar ɗigon zai cike 36.

11. In da madara, yi ta bayan gahawa. A mai tukunya ɗaya, tururi yana kai tukunya wajen digiri 140, kuma saukowa daga can yana cin lokaci. Tatsi gahawa tukuna, sannan ka kunna tururi. Da ka gama, kashe makunnin tururi, buɗe bututunsa a kan wani kofi, ka kunna famfo har ruwa ya fito a miƙe. Wannan yana cika tukunyar, yana kuma sanyaya ta. In ka tsallake shi, elemen zai yi aiki a tukunyar da ruwanta ya ragu, yana iya ƙonewa.

12. Kafin kofi na biyu, bar inji ya farfaɗo. Zubar da tsohon gari, goge kwando, mayar da ludayi baki. A mai tukunya ɗaya, sake zagayen daga mataki na 7. A HX, zubarwa ta biyu gajeriya ce, domin ruwan bai daɗe a kwance ba. A mai PID, jira lambar ta dawo ta zauna.

Gyara da harshe

13. Ɗanɗana yadda ya kamata. Juya gahawar da cokali, domin kumfar sama ta fi ɗaci, gahawar ƙasa kuma ta fi kauri. Bari ta huce na minti ɗaya. Kurɓa ba sukari ba madara. Tsami mai kaifi da ke tsinkar gefen harshe, ga gahawar ba jiki, alama ce ta ƙarancin zafi. Ɗaci mai kama da ƙauri, da baurin da ke busar da baki bayan ka haɗiye, alama ce ta yawansa. In ka ji tsami da ɗaci tare, ba zafi ne matsalar ba. Ruwa ne ya fasa hanya ta wuri ɗaya a cikin gari, sai ka gyara baje gari da danni.

14. Sauya abu ɗaya tak. In da tsami, ƙara digiri ɗaya ko biyu. In da ɗaci, rage haka. A mai tukunya ɗaya, rage ko ƙara sakan 15 a jiranka. A HX, rage ko ƙara sakan biyu a zubarwa. A mai PID, sauya lambar, ka ba shi minti goma, E61 kuwa minti goma sha biyar, domin ƙarfen baki ba ya bin lamba nan da nan. Kada ka taɓa niƙa da zafi a tatsa guda. In kofin ya gyaru ba za ka san wanne ya gyara shi ba. In ka motsa digiri uku ba ka ji sauyi ba, koma kan niƙa da awo, ko ka duba ko gahawar ta tsufa.

15. Rubuta, ka riƙe. Kowace tatsa layi ɗaya: sunan gahawa, giram na gari, giram na kofi, sakan na tatsa, sakan na jira ko zubarwa, da kalma ɗaya kan ɗanɗano. Ranar da ka samu kofin da ya yi maka, ja layi a ƙarƙashinsa. Maimaita wannan tsarin daidai, har ka sayi wata gahawa daban. Sabuwar gahawa tana mayar da kai mataki na 5.

16. Kula da inji don ƙirgenka ya ɗore. Goge ragar da ke cikin baki bayan kowane amfani, domin tsohon man gahawa yana kawo ɗacin da za ka ɗora wa zafi. In ka lura injin ya fara daɗewa kafin ya dumama, ko ruwa ya rage gudu, ɓawo ya taru. Wanke shi da maganin da kamfanin ya ambata a littafi, musamman in tukunyar ta alminiyam ce, domin ba kowane magani take jura ba. Bayan wankin, sake gwajin mataki na 4, lambobin za su iya motsawa.

In ka gaji da ƙirga sakan a mai tukunya ɗaya, ana sayar da PID da ake ɗaura wa Silvia da Gaggia Classic. Ba wa mai gyaran lantarki ya haɗa, a cire filogi kafin a buɗe murfi, kuma ka sani buɗewar tana iya soke garantin kamfani. Ko da PID ɗin, minti 20 na dumama da ludayi a murɗe suna nan daram.